Sandar Fatsa Ta Hannu: Amsoshin Tambayoyin Da Aka Fi Yi Mini

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Kogin Haɗejiya, tsakanin Wudil da Ringim. Noma ne sana'ata, amma da zarar an kai amfanin gona gida sai in koma kan gora da zare. A wurin kawuna na koyi haɗa sandar fatsa, kuma yau samari da dattawa kan zo zaurena, wasu su saya, wasu su zauna su ga yadda ake yi. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Malam, ba kowace sanda ce za a ɗaura wa zare da ƙugiya a kama kifi ba?

Za a kama, ba na musu. Dukanmu da tsumagiyar darbejiya muka fara muna yara. Amma aikin sandar fatsa shi ne ta lanƙwasa. Idan tarwaɗa ta fizgi koto ta nutsa, ƙarfin fizgar nan dole ya sami inda zai tafi. In sandar ta sandare kamar taɓarya, zaren ne zai ɗauki wahalar, sai ya tsinke, ko ƙugiyar ta yage bakin kifin ya tafi da rauni. In kuma ta cika laushi, ba za ka iya juyo da kan kifin ba, sai ya shige cikin ciyawa kana kallo.

Sanda mai kyau tana da laushi a tsini, tana da ƙarfi a gindi, kuma lanƙwasarta tana tafiya daga sama zuwa ƙasa ba tare da ta karye a wuri ɗaya ba. Duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa, daga yankan gora har naɗin zare, hidimar wannan lanƙwasar ake yi.

Wane itace ya fi dacewa?

Gora. Ba gorar masunta nake nufi ba, wadda ake kifawa a hau a bi ruwa da homa. Gorar itace nake nufi, mai gaɓa-gaɓa, irin wadda ake sandar kiwo da ita.

Iri biyu za ka tarar. Akwai ƙatuwar nan mai faffaɗan rami a ciki, wadda magina ke kafawa su hau bene. Ta yi kauri da yawa, sai dai ka ɗauki can ƙarshenta na sama. Akwai kuma gorarmu ta daji, siririya, wadda cikinta kusan a cike yake. Ita nake nema. Ta fi nauyi kaɗan, amma ba ta saurin fashewa. A yankinmu ba ta da yawa, daga kudu da mu ake kawo ta, don haka nakan yi wa direbobi sautu ko in duba wurin 'yan katako idan na shiga Kano.

In ba a sami gora ba, gwangwala tana yi wa ƙananan kifi, ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai takan karye ba gargaɗi. Geza tana da jimiri amma da wuya ka sami doguwa miƙaƙƙiya. Darbejiya da turare kuwa na kwana biyu ne, suna bushewa sun zama na hura wuta.

Yaya zan gane gorar da ta nuna?

Wadda ta shekara uku ake so. Sabuwar tsira koriya ce shar, fatarta da santsi, kuma ɓawon nan na gaɓa yana manne da ita. Tana da kyau a ido, amma ruwa ne cikinta, in ta bushe sai ta yamutse. Wadda ta nuna launinta ya dushe, ɓawon ya zube, in ka ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa za ka ji ƙara tsaf, ba dum-dum ba.

Ka duba sirancewarta. Ana so ta taso da kauri kamar babban yatsan ƙafa a gindi, ta yi ta raguwa a hankali har ta kai kamar tsinken tsire a tsini. Wadda aka sare wa kai, bar ta. Tsinin nan shi ne rabin kuɗin sandar.

Yaushe ake yanka, kuma kwana nawa take bushewa?

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari in daɗe a kai.

Da hunturu ake yanka, wajen Disamba zuwa Janairu, lokacin da ruwan jikinta ya ja baya. Gorar da aka sara da damina tana cike da abin da ƙwaro ke so. Bayan wata biyu sai ka ga ƙananan huji, gari-gari yana zuba a ƙasa kamar an tankaɗe. In ka ga wannan, an gama da ita, ko da waje tana sheƙi.

Idan ka kawo ta gida, ka sare rassan da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama, kada ka fizge, don fizga tana ɗaye fata. Masu haƙuri sukan nutsar da ita a ruwa mako uku ko huɗu, su danne da dutse, ruwan ya wanke zaƙin da ke jawo ƙwaro. Za ta fito tana wari, kada ka damu, yana gushewa. Daga nan sai shanya, kuma a inuwa. Ranar ƙasar nan da iskar hunturu suna tsaga gora cikin kwana kaɗan. Ni nakan rataye ta ta tsini a cikin rumfa, in ɗaura mata dutse a gindi, nauyin yana miƙar da ita tana bushewa. Kawuna a saman madafa yake jera nasa, hayaƙi yana bugunsu, kuma ban taɓa ganin ƙwaro ya taɓa sandarsa ba.

Wata uku shi ne mafi ƙaranci. Shida ya fi. Akwai shekarar da wani bawan Allah ya matsa mini lamba yana son sanduna biyar kafin ruwa ya janye, na ba shi waɗanda ba su fi mako biyar da yankewa ba. Kafin kaka duk sun yi doro, biyu sun tsage a gaɓa. Na mayar masa da kuɗinsa, kuma tun ranar ba na fitar da sandar da ban rubuta ranar yankanta a gindi ba.

Tawa ta bushe amma a karkace take. Ta lalace ke nan?

A'a. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to gora ta fita daban, ko ta bushe wuta tana sa ta yi biyayya.

Ka hura gawayi ya zama garwashi, ba harshen wuta. Ka riƙe wurin da ya karkace sama da garwashin kamar taƙi ɗaya, kana jujjuyawa ba tsayawa. Za ka ga wani maiƙo ya tsattsafo a fatar, ka goge da tsumma. Da ka ji ta yi laushi a hannu, sai ka danna ta a gwiwa ko a bakin turmi, ka ɗan wuce miƙewar kaɗan domin takan koma baya, ka riƙe, ka shafa mata jiƙaƙƙen tsumma ta huce a haka. Gaɓa ɗaya-ɗaya ake bi. Kana yi kana ɗaga ta kana leƙawa daga gindi zuwa tsini da ido ɗaya.

Launin zuma ake nema. In ta yi baƙi ta ƙone, kuma nan za ta karye ranar da babban kifi ya zo. In gorarka mai rami ce, ka yi hattara, iskar da ke kulle tsakanin gaɓa biyu tana iya fasa ta idan zafi ya yi yawa.

In kankare fatar don ta yi kyau?

Kada ka soma. Ƙarfin gora yana can dab da fatarta, cikin kuwa ɓargo ne. Tudun gaɓa kawai za ka rage da magagari, shi ma kaɗan, sannan ka bi da samfefa mai laushi.

Tsawon nawa ya kamata?

Ruwan da za ka je shi zai faɗa maka. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta canza. Da can ya cika da damina ya janye da rani, yanzu akwai wuraren da ba sa bushewa duk shekara, kuma kachalla ta samu wurin zama. Mutanen Guri da Kirikasamma sun fi kowa sanin wannan ciyawa. Inda ta yi katanga a bakin ruwa, kana bukatar sanda mai mita 4 ko fiye, wadda za ta tsallake ta ta sauke koto a buɗaɗɗen ruwa. A magudanar ruwan noman rani irin na Kadawa da Kura, mita 2 da rabi zuwa 3 ta isa. A cikin kwalekwale kuwa gajera ta fi, tsawon gaba guda da 'yan kai, don doguwa sai ta yi ta dukan abokin tafiyarka.

Akwai wani amfanin doguwar sanda da ba a cika faɗa ba. Tana barin ka a tudu. Ruwan da ke kwance mai ciyawa shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san yaran da suka yi fitsarin jini. In sanda za ta kai ƙugiya inda kake so ba ka tsoma ƙafa ba, ta biya kuɗinta.

Doguwa ba ta shiga mota, kuma a babur wahala ce. Ana iya raba ta biyu?

Ana yi. Ka yanka ta ɗan ƙasa da tsakiya, kusa da gaɓa. Ka sami guntun bututu mai tsawon taƙi ɗaya, na alminiyam irin na tsohuwar eriyar talabijin ya fi, in babu sai na roba da masu wayarin ke binnewa a bango. Rabinsa ka manne shi da gam a ɓangaren gindi, ɗaya rabin kuma ɓangaren tsini ya riƙa shiga yana fita, da ɗan matsi. Bakin kowane yanki sai ka naɗe shi da zare sosai, in ba haka ba nan zai tsage.

Gaskiya dai, sanda guda ta fi mai haɗi daɗin lanƙwasa. In gidanka kusa da ruwa yake, bar ta yadda Allah ya yi ta.

Yaya ake naɗin zaren nan da ba a ganin ƙulli?

Zaren lailon na masu ɗinkin takalma nake amfani da shi. Ka kwantar da bakin zaren a jikin gorar, ka hau kansa da naɗi biyar ko shida, ya danne kansa. Ka ci gaba kana juya sandar, ba zaren ba, kowane zagaye yana manne da ɗan'uwansa, ba hawa ba rata. Idan saura zagaye shida ka gama, sai ka kwantar da wani guntun zare da ka ninka biyu, hancinsa yana kallon inda za ka ƙare, ka naɗe a kansa. Ka yanke zarenka, ka zura bakin a hancin, ka ja guntun nan ta baya. Bakin zai shige ƙarƙashin naɗin ya ɓace. Ka yanke abin da ya leƙo da reza.

Daga nan sai gam. Mai bututu biyu da ake gaurayawa daidai wa daida, irin su Araldite, shi ne na aikin, kuma mai jinkirin kamawa ya fi mai minti biyar shiga cikin zare. Ka shafa siriri, ka riƙa juya sandar lokaci-lokaci har ya kama, don kada ya taru a gefe ɗaya. Farin gam na kafintoci ba ya shiri da ruwa. Sufa gulu kuma yana bushewa ya yi tauri, sanda na lanƙwasa sai ya farfashe.

A ina ake ɗaura zaren fatsar?

Yawancin mutane a tsini kawai suke ƙullawa, kuma kuskure ne. Ka fara ɗaure shi kamu biyu ƙasa da tsini, ka murɗa shi a jikin sandar yana hawa, sannan ka fitar da shi ta ɗan zoben da ka naɗa a tsinin. Ranar da tsini ya karye, kifinka yana nan, zarenka yana nan. Tsawon zaren kada ya wuce tsawon sandar, don ka iya ɗago kifi ya zo hannunka.

Mariƙin hannu fa, wurin riƙewa?

Robar cikin tayar keke. Ka yanka ta siriri, ka naɗe kamu ɗaya a gindi kana ja, ka danne bakinta da zare. Ba ta santsi ko hannunka da yauƙin tarwaɗa. Wasu suna son a kai wa baduku ya rufe da jar fata, kuma tana da kyau ƙwarai, sai dai fata da ruwa ba sa daɗewa tare.

Ina son irin ta Turawa mai zobba da abin naɗe zare. Za a iya da gora?

Za a iya, in gorar gajera ce mai ƙarfi, kamar mita 2. Farko ka nemo bayanta: ka dasa gindin a ƙasa mai santsi, ka tallafi sama da tafin hannu, ka ɗan danna tsakiya kana mirginawa. Za ka ji akwai gefen da take son kwantawa a kai. Ka yi alama, a layin nan zobba za su zauna, in ba haka ba sandar za ta riƙa murɗewa a hannunka idan kifi ya ja.

Zobba shida ko bakwai sun isa. Na farko kamar santimita 10 daga tsini, ratar tana ƙaruwa kana sauka. Kada ka naɗe su tukuna. Ka ɗaure su da roba, ka zura zare, ka rataya nauyi, ka duba. Inda zaren ya taɓa gorar ko ya yi kwana mai kaifi, ka matsar da zobe. Sai zaren ya bi lanƙwasar sumul sannan ka yi naɗin gaske. Zobban kuwa, in ka sami na tsohuwar sanda da ta karye, su ne na farko. In za ka lanƙwasa da filaya, ka nemi wayar da ba ta tsatsa. Jan ƙarfe yana da laushi, zare yana cin sa ya yi masa rami, ramin kuma ya dawo ya ci zaren.

Su ma Turawan sun daɗe suna aiki da gora. A Amurka, tun ƙarni na 19 suke tsaga gora su fere ta tsinke shida masu kusurwa uku-uku, su manne su zama sanda ɗaya mai gefe shida, kuma gorar da suka fi so daga kudancin Sin ake kai musu. Sandar zaren gilashi ba ta bazu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kabon kuma a shekarun 1970. Har gobe akwai masu yin ta gora da hannu a can, kuma ta fi ta masana'anta tsada. Ta kabon tana da wani haɗari da ya kamata a sani: tana ɗaukar wutar lantarki. Kada a ɗaga ta ƙarƙashin wayar wuta, kada a riƙe ta ana walƙiya.

Yaya zan gwada ta kafin in je ruwa?

Ledar fiya wata rabin kilo ce. Ka ɗaura ɗaya a zare ka ɗaga a hankali, kana kallon bakan da sandar ta yi, kana kuma saurare. Ƙaramar ƙara ƙas-ƙas alamar tsaga ce a ciki. Sandar karfasa ta ɗaga ɗaya lafiya, ta tarwaɗa ta ɗaga biyu ko uku. Kada ka miƙar da ita tsaye sama da nauyi a rataye, nan tsini ke karyewa ko sandar lafiyarta ƙalau. Kifin da ya wuce haka ba a cira shi sama, gajiyar da shi ake yi a jawo shi gefe.

Wane zare da wace ƙugiya?

Don karfasa da kawara, zare mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.30 da ƙaramar ƙugiya, koto kuma tana ko gara. Don tarwaɗa da kurungu, 0.40 zuwa 0.50, da hanjin kaza ko ɗan kwaɗo. A lambar ƙugiya, yawan lamba ƙanƙantar ƙugiya, wato mai lamba 12 ta fi mai lamba 6 ƙanƙanta. In akwai tsage a ruwan, ka sa taƙi ɗaya na siririyar waya kafin ƙugiya, don haƙoransa suna yanke lailon kamar almakashi. Abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka an taɓa koto, guntun tsohon silifa ya isa, ko busasshen kara.

Giwan ruwa ba na sandar gora ba ne. Kifin da ke iya haura kilo 100 ba a yi masa shiri da tsinin da ya kai tsinken tsire.

Zaren ya fi sandar rauni, haka ake so. In ƙugiya ta maƙale a saiwa, gara zare ya tsinke da a yi asarar aikin wata shida. Kuma rana tana cin lailon, ka canza shi duk shekara.

Ana narka dalmar tsohon batir a yi nauyi. Ka yarda da haka?

Ban yarda ba, kuma ina roƙon a daina. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Hayaƙinta da ƙurarta suna zama a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙaramin noti na keke ko na babur yana nutsar da ƙugiya daidai yadda ake so. Wanda ya sayi dalmar kanti kuma, ya matse ta da filaya, kada ya sa haƙori.

Baba, ɗana ɗan shekara 9 yana so. In yi masa?

Yi masa, mita 2, marar nauyi. Ka danne ƙayar ƙugiyar da filaya ta kwanta, in ta shiga yatsa za ta fito ba yanka. Ka nuna masa yadda ake riƙe kurungu da tarwaɗa ta bayan ƙayoyinsu, ka nuna masa minjirya ya san ta da ido kafin ta koya masa da kanta. Kada ya je ruwa shi kaɗai, ko ya iya iyo. In ƙugiya mai ƙaya ta nutse a nama, kada a ja ta baya da ƙarfi, a tafi asibiti a cire, a yi allurar tetanus.

Sai na nemi izini kafin in jefa ƙugiya?

A ruwan garinku kowa ya san ka. A baƙon wuri, ka fara gaida Sarkin Ruwa ko mai unguwa. Akwai tafkunan da ake hana taɓawa sai ranar da aka buɗe su, akwai inda mutane suka kafa tarkon mali ko suka shimfiɗa ragar kalli da mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, kuma ƙugiyarka tana iya yi musu ɓarna ba ka sani ba. Wuri irin dajin Baturiya keɓaɓɓe ne, yana da ma'aikatansa. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa da lantarki, kuma duk masuncin kirki ya ƙi su tun kafin doka. Ƙananan da ba su kai tafin hannu ba, ka mayar da su.

Yaya zan adana ta?

Ka shafa mata man sheƙin da kafintoci ke sa wa kujeru, siriri, sau uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. In ka dawo daga ruwa ka goge ta, ka rataye ta ta tsini a inuwa. Jingina ta a bango yana sa ta doro, barin ta a kan rufin kwano kuma yana gasa ta. Mai yawan kama manya ya riƙa juya gefen da take lanƙwasa, in sandar ba mai zobba ba ce.

Tsinina ya karye. In jefar?

Kawo ta in gani. In taƙi ɗaya ne ya tafi, sai a yanke daidai saman gaɓa, a sake naɗa zobe, ta koma sandar tarwaɗa mai ɗan tauri. In tsagewa ta yi a tsaye, a buɗa tsagar da bakin reza, a ɗura gam, a naɗe da zare har ya wuce tsagar da yatsa biyu kowane gefe. Wadda ta karye a tsakiya kuwa, gindinta zai karɓi sabon tsini da bututu, shi ya sa ba na zubar da guntaye. Ina yawan shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, kuma mai karyayyar sanda ya haɗo da duka guntayen, har wanda yake ganin ba shi da amfani.